Shin sassarfa tana gina tsokar ƙafa alhali mutum yana rage ƙiba?

Baban Walida, Agege

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe da 'yan'uwa na wannan zaure, manya da ƙanana, kuma ina roƙon waɗanda Allah ya ba sani a fannin lafiyar jiki su yi mini bayani a kan wani abu da ya shige mini duhu.

Shekaruna 39, ina zaune a Agege, ina riƙe da lissafin wani dillalin albasa a kasuwar Mile 12, wato aikina na zama ne tun daga safe har la'asar. Wata uku da suka wuce na hau sikeli a asibiti aka ga ina da kilo 104, likita kuma ya ce jinina ya fara hawa, gara in rage nauyi tun kafin maganar ta kai ga shan magani kullum. Tun daga ranar na bar lemon kwalba, na rage tuwon dare da burodin safe, na kuma fara fita sassarfa bayan sallar asuba kwana huɗu a mako, ina zagaya wajen filin wasa na Agege har sai wayata ta nuna na yi kilomita 5. Alhamdu lillahi, yau nauyina kilo 96, tumbin da yake hana ni sunkuyawa in ɗaure takalmi ya fara sacewa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ƙafafuna. Idan na taɓa dambubuna sai in ji ya yi tauri, har tsagin tsoka yana fitowa, abin da rabona da gani tun ina sakandare. Amma da na je wurin tela ya auna ni, sai ya ce cinyata ta ragu da inci ɗaya da rabi. Maƙwabcina, wanda ya buga ƙwallo a ƙuruciyarsa, ya ce sassarfar ce take gina mini ƙafa, in ci gaba kawai. Wani yaro kuma da yake zuwa gidan ɗaga ƙarfe ya rantse mini cewa abin da suke kira kadiyo, wato gudu da tuƙa keke da duk motsa jikin da yake sa haki, cinye tsoka yake yi, kuma idan ban daina ba zan wayi gari ƙafata kamar sillen kara.

To, wanne ne gaskiya? Shin sassarfa kaɗai za ta iya ƙara mini tsokar ƙafa alhali ina rage cin abinci, ko kuwa tsokar ma tana narkewa ne tare da kitsen ban sani ba?

Ɗan Sassarfa, Obalende

Wa alaikumus salam, Baban Walida. Allah ya ƙara lafiya. Ni dai ina bayan maƙwabcinka, domin gani ya kori ji. Shekara huɗu ke nan ina gudu a kan gadar Lekki zuwa Ikoyi duk Asabar da Lahadi, ban taɓa ɗaga ƙarfe ba ko sau ɗaya, amma wanda ya ga dambubuna ba zai ce gudu yana cinye tsoka ba. Shawarata ita ce ka riƙa ƙara nisan a hankali, daga kilomita 5 zuwa 7, daga nan zuwa 10, ƙafar za ta ginu da kanta.

Abu Hafsat, Idi-Araba

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ni ma'aikacin sashen gashin ƙashi ne a wani asibiti a nan Legas, kuma kusan kullum ina fama da mutanen da tsokar ƙafarsu ta zube bayan karaya ko doguwar jinya, don haka tambayar nan ta faɗo cikin abin da nake yi. Da farko ina taya ka murna, Baban Walida. Kilo 8 a wata uku yana nufin kana sauke kamar kashi biyu bisa uku na kilo a kowane mako, kuma wannan ya yi daidai da abin da masana suke so, wato tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin mutum a mako. Wanda ya fi haka gaggawa shi ne ya fi asarar tsoka.

Amsar a taƙaice ita ce sassarfa tana ƙarfafa ƙafa, tana kuma taimakawa wajen riƙe tsokar da ke akwai, amma ginin da take yi kaɗan ne, a makonnin farko yake faruwa, sannan ya tsaya. Abin da kake gani a dambubunka yawanci tsohuwar tsoka ce da kitse ya lulluɓe, yanzu mayafin ya yi sirara ta bayyana. Kada ka manta cewa ƙafar da ta shekara da shekaru tana ɗauke da kilo 104 tana hawa da sauka ba ƙaramar ƙafa ba ce, domin mai ƙiba yakan fi siriri yawan tsoka a ƙafa ko da bai taɓa motsa jiki ba. Raguwar cinyar ma ba abin tsoro ba ne, tun da tef ɗin tela ba ya bambance kitse da tsoka, duka yake haɗawa ya auna.

Dalilin da ya sa ginin yake tsayawa yana cikin yadda aka halicci tsokar. Zaruruwanta iri biyu ne a dunƙule. Akwai masu juriya, waɗanda ba sa saurin gajiya amma ba su cika yin kauri ba, akwai kuma masu ƙarfi da zafin nama, waɗanda suke saurin gajiya amma su ne suka fi kumbura idan aka horar da su. Jiki ba ya kiran na biyun sai aikin ya yi nauyi, ko kuma na farkon sun kusa gazawa. A kilomita 5 kana yin taku dubbai, amma kowane taku mai sauƙi ne a wurin cinyarka, saboda haka abin da jiki yake ƙarawa shi ne ƙananan hanyoyin jini a cikin tsokar, da ƙwarewar ƙona mai, da ƙarfin zuciya da huhu. Waɗannan duka alheri ne, musamman ga mai hawan jini, amma ba su ne kauri ba. Ƙara nisa, kamar yadda ɗan'uwanmu na Obalende ya ba da shawara, juriya yake ƙarawa. Duk wanda ya tsaya bakin titi a watan Fabrairu ya kalli gudun fanfalaki na Legas, wanda aka fara a 2016, ya ga ƙafafun 'yan Kenya da Habasha da suke lashe shi: sun fi kowa yawan kilomita, amma cinyoyinsu sirara ne. Sai a kwatanta su da masu tseren mita 100. Na san akwai halitta a ciki, domin kowane wasa yana zaɓar masu jikin da ya dace da shi, amma irin horon ma yana da nasa kason. Kai da kake Mile 12 ma ba ka buƙatar zuwa nesa, ka dubi ƙafafun 'yan dakon da suke sauke buhunan albasa daga tirela, ko masu ga-ruwa da suke tura kura cike da jarkoki a kan hawa. Nauyi ne ya gina su.

Sai kuma batun rage abinci, wanda shi ne ya sa lamarin ya ƙara wuya. Gina tsoka aiki ne mai cin ƙarfi, kai kuma da gangan kake ba jikinka ƙasa da abin da yake ƙonawa. A irin wannan hali jiki yakan taɓa duk abin da ya ga ba a amfani da shi sosai. An daɗe ana ƙiyasta cewa wanda ya rage nauyi da rage abinci kaɗai, kusan kashi ɗaya bisa huɗu na abin da ya sauke ba kitse ba ne, ruwa ne da tsoka da makamantansu. Sassarfa tana rage wannan asara, ɗaga nauyi kuma ya fi ta ragewa nesa ba kusa ba. Hakan ba ya nufin taura biyu ba sa taunuwa ko kaɗan. A 2016 masu bincike a Jami'ar McMaster da ke Kanada sun ɗauki samari 40 masu ɗan jiki, suka rage musu abinci da kashi 40 cikin ɗari har mako huɗu, suna horar da su kwana shida a mako da ɗaga ƙarfe da gajeren motsa jiki mai tsanani. Waɗanda aka ba furotin mai yawa, wato sinadarin abinci mai gina jiki, giram 2.4 a kan kowane kilo na nauyinsu, sun sauke kitse kilo 4.8 kuma abin da ba kitse ba a jikinsu ya ƙaru da kilo 1.2. Waɗanda aka ba rabin wannan furotin sun sauke kitse kilo 3.5, tsokarsu kuma ta tsaya kusan inda take. Ba ina cewa ka kwaikwayi wannan wahalar ba ne, domin a ƙarƙashin kulawa aka yi ta kuma na ɗan lokaci. Abin lura shi ne ƙarfe da furotin ne suka yi aikin, kuma wanda yake da kitse a ajiye kuma sabon shiga ne a ɗaga nauyi, kamar kai, shi ya fi kowa damar cin ribar biyun a lokaci guda.

Maganar yaron nan na gidan ɗaga ƙarfe kuwa tana da asali, sai dai an yi mata ƙari. A 1980 wani masani Ba'amurke mai suna Robert Hickson ya sa wasu mutane suna ɗaga ƙarfe kwana biyar a mako, suna kuma gudu da tuƙa keke mai tsanani kwana shida, har mako goma. Ƙarfin ƙafarsu ya yi ta ƙaruwa daidai da na masu ɗaga ƙarfe zalla har wajen mako na bakwai, daga nan ya tsaya, sannan ya fara komawa baya. Daga nan maganar ta bazu a gidajen ɗaga ƙarfe cewa kadiyo abokin gabar tsoka ne. Amma ina aka haɗa wancan horon da kilomita 20 da kake yi a mako? Naka bai kai ya cinye komai ba, muddin kana cin abin gina jiki kuma kana samun hutu.

Shawarata ita ce kada ka bar sassarfar, amma ka mayar da ita kwana uku, ka ware kwana biyu ga aikin nauyi na ƙafa da sauran jiki. Wannan ma shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa ga kowane baligi: minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kuma aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu.

Maman Sadiƙ, Surulere

Assalamu alaikum. Malam Abu Hafsat, Allah ya saka da alheri, bayaninka ya gamsar, amma ina da ja a wuri ɗaya. Kamar an haɗa duk motsa jiki mai sa haki an zuba a ƙwarya ɗaya, alhali a abin da na gani a jikina ba ɗaya suke ba. Ni malamar makaranta ce, shekaruna 46. Na fara da sassarfa kamar Baban Walida, sai gwiwata ta hana ni, domin nauyina a lokacin ya yi wa kwalta yawa. Sai na koma keken motsa jiki na cikin gida, irin wanda ake murɗa masa tauri, ina kuma haɗawa da hawa matakalar bene. A wata shida na sauke kilo 9, kuma ba ni da shakka cinyata ta ƙara ƙarfi, domin a da sai na dafa bango nake tashi daga kan sallaya, yanzu kuwa ina miƙewa ba tare da dafa komai ba. Ban taɓa ƙarfe ba. Idan keke da bene ba sa gina tsoka, to mene ne ya faru da ni?

Abu na biyu, ina so a riƙa faɗa wa mutane abin da za su ci da sunansa. Idan aka ce furotin giram kaza, mai sayayya a kasuwa bai san abin da zai sa a kwando ba, balle a wannan tsadar da muke ciki.

Baban Walida, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hankalina ya kwanta game da awon tela. Malam Abu Hafsat, ina da uzuri uku da nake so a duba mini. Na ɗaya, ba ni da lokacin zuwa gidan ɗaga ƙarfe, domin idan na taso daga kasuwa cunkoson motoci kaɗai yakan cinye mini awa biyu, wani lokaci sai bayan isha nake shiga gida. Na biyu, ina azumin Litinin da Alhamis, ba na kuma so in bari. Na uku shi ne hawan jinin da na ambata, domin na ji ana cewa ɗaga abu mai nauyi yana tayar da shi. Ina kuma goyon bayan tambayar Hajiya game da abinci.

Abu Hafsat, Idi-Araba

Hajiya Maman Sadiƙ, kin yi gaskiya, kuma na karɓi gyaran. Keke mai tauri da hawa bene sun fi sassarfa kusa da ɗaga nauyi, domin a kowane taku cinya tana tura jiki ne a kan wani abu da yake turjewa. An ma gwada wannan a Jami'ar Ball State da ke jihar Indiyana a Amurka, inda aka sa mata tsofaffi masu shekara 70 da ɗoriya suka yi mako 12 suna tuƙa keken motsa jiki, aka kuma tarar tsokar gaban cinyarsu ta ƙaru da kusan kashi 12 cikin ɗari. Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2012 kuma ya nuna cewa gudu ya fi keke yin karo da ginin tsoka idan aka haɗa su da ɗaga ƙarfe. Sai dai a lura da abu biyu. Waɗancan matan ba rage abinci suke yi ba, kuma sun fara ne daga rashin motsa jiki gaba ɗaya, inda ko ƙaramin aiki yake zama babba. Sannan ƙarfi yana iya ƙaruwa ba tare da tsoka ta yi kauri ba, domin a makonnin farko jijiyoyin da suke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa ne suke koyon sarrafa tsokar da kyau. Ki haɗa wannan da kilo 9 da kika sauke wa gwiwarki, za ki ga dalilin da ya sa bango ya huta. Idan kina so ribar ta ci gaba, sai ki riƙa ƙara taurin keken, ba tsawon lokacin kaɗai ba.

Baban Walida, ba ka buƙatar gidan ɗaga ƙarfe. Jarkar ruwa mai lita 25 idan ta cika nauyinta kilo 25 ne, kuma babu gidan da ba ta a Agege. Ka fara da jikinka kawai: ka tsuguna kamar za ka zauna a kan kujera, ka miƙe, sau 10 zuwa 15, ka huta minti biyu, ka maimaita har zagaye uku. Ka ƙara da hawa kan dakali mai ƙwari da ƙafa ɗaya kana sauka a hankali, da yin dogon taku gaba kana durƙusar da gwiwar baya kusa da ƙasa, sannan yin ɗage a bakin matakala saboda dambubu. Idan ka ga kana yin 15 ba tare da wahala ba, ka rungumi jarka mai rabin ruwa a ƙirji, bayan wasu makonni ka cika ta. Ma'aunin shi ne biyu ko ukun ƙarshe na kowane zagaye su yi maka wuya sosai amma ba tare da bayanka ya lanƙwashe ba. Minti 25 ya isa. Idan kuma hanyarka ta bi ta gadar masu tafiya a ƙasa, kamar ta Ojota ko ta Oshodi, ka hau matakalar da niyya, kada ka ɗauke ta a matsayin wahala.

Game da jini, gaskiya ne yana hawa na ɗan lokaci yayin da mutum yake yunƙurin ɗaga nauyi, musamman idan ya riƙe numfashi, amma matsakaicin aikin nauyi da ake yi a kai a kai yana cikin abubuwan da suke taimakawa wajen saukar da shi. Ka riƙa fitar da numfashi lokacin miƙewa, kada ka ɗauki abin da ba za ka iya maimaitawa sau goma ba, kuma ka sanar da likitanka kafin ka fara, ya auna ka ya ba ka izini. Idan ka ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko ciwon kai mai tsanani, ka tsaya nan take. Azumin kuwa ba matsala ba ne. Ka sa aikin nauyi ranar Talata da Asabar, ka bar Litinin da Alhamis su zama ranakun hutu, ka kuma tabbata sahur da buɗa-baki suna da abin gina jiki, ba koko da burodi kaɗai ba.

Abinci kuma, abin da bincike ya fi tsayawa a kai shi ne kamar giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo a rana, kuma mai ƙiba zai iya yin lissafin da nauyin da yake son kaiwa. Idan burinka kilo 85 ne, kana neman wajen giram 135. Ƙwai ɗaya yana da giram 6. Giram 100 na dafaffen naman kaza ko na shanu marar kitse yana da tsakanin 25 da 30, kifi kuma, ko titus ne ko panla, yana da wajen 20 ko sama da haka. Dafaffen wake cikin kofi ɗaya yana ba da kamar 13 zuwa 15. Waken suya ya fi sauran wake furotin, don haka awara abinci ce mai kyau kuma mai sauƙin kuɗi, sai dai suyar da ake yi mata, domin cokali ɗaya na mai yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki) kusan 120. Haka tsire da kilishi suke, naman yana da amfani amma man da ƙuli-ƙulin suna da nauyi, ga gishiri da dunƙule da ba su dace da mai hawan jini ba. Kindirmo marar sukari, da alala, da dafaffen ƙwai, da busasshen kifi a miya sun fi sauƙin sarrafawa. A rarraba su sau uku a rana. Wanda yake da ciwon ƙoda kada ya bi wannan lissafi sai da izinin likitansa.

Akwai abu ɗaya da ka faɗa a wucewa wanda ya fi damuna, wato shiga gida bayan isha da fita tun asuba. A 2010 an yi wani gwaji a Jami'ar Chicago da mutum 10 masu rage abinci, inda aka ba su awa takwas da rabi na kwanciya a wani zango, awa biyar da rabi a wani zangon, abinci iri ɗaya. Nauyin da suka sauke kusan ɗaya ne, amma a zangon ƙarancin barci kitsen da suka sauke ya ragu da fiye da rabi, asarar abin da ba kitse ba kuma ta ƙaru da kashi 60 cikin ɗari. Mutum goma ba su da yawa, amma sakamakon ya dace da abin da aka sani game da barci da tsoka. Idan ka ga barcinka bai kai awa bakwai ba, gara ka sadaukar da fita ɗaya ta sassarfa ka kwanta bayan ka dawo daga masallaci. Ba za ka yi asara mai yawa ba, domin kilomita 5 a nauyinka ba ta wuce kalori 500, kilo ɗaya na kitse kuma yana ɗauke da wajen 7,700, wanda yake nuna cewa fiye da rabin abin da ka sauke daga barin lemo da rage tuwo ya fito.

Ka rubuta adadin tsugunon da kake iya yi yau, da awon ƙugunka da na cinyarka, ka sake aunawa bayan mako takwas. Idan ƙugu yana raguwa kuma ruwan jarkar yana ƙaruwa, tsokarka tana nan.

Ɗan Sassarfa, Obalende

Malam Abu Hafsat, na karanta duka, kuma na yarda da batun cinya, domin da na duba tawa da idon gaskiya ba ta kai dambubun ba. Amma ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba. Gadar da muke gudu a kanta tana da hawa, kuma mun saba a ƙarshen kowace fita mu yi gudu da iyakar ƙarfinmu zuwa samanta sau biyar ko shida, muna saukowa da tafiya. Bisa bayaninka na zaruruwa masu zafin nama, ina jin wannan ne ya gina mini abin da nake taƙama da shi, ba yawan kilomita ba. Baban Walida, idan likita ya ba ka izini kuma nauyinka ya sauko ƙasa da kilo 90, ka zo wata Asabar da sassafe mu gwada hawan tare. Jarkar kuwa ni ma zan fara da ita ranar Talata, da rabin ruwa.